Ga 'yar'uwar da ta ƙi miƙa wa mai ciki giya a wurin aiki

Wallahi 'yar'uwa ina karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi, don abin da ya same ki shi ya same ni lokacin ina aiki a wani gidan abinci a Manhattan. Kin ce mai ciki ta nemi giya kin hana, manaja ya ce zai kore ki, kina tambaya ko doka na bayanki. Gaskiya mai ɗaci, a nan New York ba ta bayanki. Tun 2016 hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta birnin ta fito ƙarara ta ce hana mace giya don kawai tana da ciki nuna bambanci ne, kuma tarar da ake iya ci a irin wannan ƙara tana kaiwa har dala 250,000 in an ga da gangan aka yi, shi ya sa kika ga manajan ya birkice.

Ni tawa matar cikin ya tsufa sosai, da kyar take zama, ta ce in kawo mata wain ja. Na ce mata a hankali ko in kawo lemo, ko ɗaga murya ban yi ba. Sai ga manajanmu, mutumin da ko gaisuwa ba ya amsawa, ya tsaya a gaban kwastomomi yana min tsawa wai nan ba ƙauyenku ba ne, wai wa ya naɗa ni likita, ya karɓe tiren daga hannuna ya kai mata da kansa har yana ba ta haƙuri, ni kuma ina tsaye kamar wadda aka kama da sata. Na shiga bayi na sha kuka na ƙoshi. Sati na zagayowa ya rage min awanni, ya mayar da ni shif ɗin da babu tip, ga kuɗin haya ga su Inna na jiran saƙo a gida. Har yau in na tuna fuskarsa raina ɓaci yake, Allah ya isa dai.

Abin haushin, su da kansu sun san illar. Dokar 1988 ce ta sa kowace kwalbar giya a Amurka ke ɗauke da gargaɗin cewa tana iya nakasa jariri, ga allon gargaɗi manne a bango dole, likitocinsu kuma sun ce babu wani adadi da aka tabbatar ba ya cutar da ɗan ciki. Amma zaɓi na uwar ne. A Wisconsin kuwa har kotu na iya sa a tsare mai ciki saboda shaye-shaye, kin ga kowace jiha da nata.

Don Allah kar ki sa hannu a kowace takarda da ya ba ki sai wani ya karanta miki. Wanda doka ta ce ki hana shi ne ɗan ƙasa da shekara 21, ko wanda ya riga ya bugu a fili, ko wanda kika san buguwa ta zame masa jiki. In kin hango mai ciki ki roƙi abokiyar aiki ku yi musayar tebur, babu mai ganewa. Kuma ki fara neman wani aikin a hankali, ni kula da tsofaffi a gida na koma, bayana na ciwo amma ko banza na huta da ɗaukar kwalba da tunanin halaccin albashin. Ki min magana ta inbox in kina son sanin yadda ake samun satifiket ɗin aikin kula da tsofaffin.