Tayil ɗin kicin ya fara ɓallewa

TAMBAYA: Salamu alaikum Baba Magini. Kantar kicin ɗina ta siminti ce da aka shimfiɗa wa tayil. Yanzu guda huɗu sun tsage, kyankyasai kuma sun samu gida a tsakaninsu. Ni da ƙanena za mu iya cirewa mu sa sabo da kanmu?
Wata uwargida, Domayo, Marwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Za ku iya. Amma kafin ƙanenki ya ɗauki guduma, ɗauki cokali ki ƙwanƙwasa tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi ƙara kamar ƙwarya, ya rabu da siminti. Sai ki leƙa ƙarƙashin kantar. In kin ga rodi ya fito da tsatsa, ko simintin ya tsage har ƙasa, ku ajiye kayan aiki ku kira magini.

In ƙasan lafiya, ku rufe famfo, a fitar da tukunyar gas waje. Ƙanenki ya sa tabarau da safar hannu, don ɓaraguzan tayil sun fi reza kaifi. Tabon yana nan a babban yatsana. Ƙanen naki ya fara daga tayil ɗin da ya fashe, ya kwantar da cizal, ya bi a hankali. Ku riƙa yayyafa ruwa saboda ƙura. Tsohon simintin nan kuwa sai an kankare shi tas, a nan ne ragwaye ke cutar kansu.

Abin da ya fi ɓata aikin tayil a ƙasarmu zafi ne. A Maris da Afrilu, nan Garwa zafi na wuce digiri 40, ku ma Marwa ba ku tsira ba. Busasshiyar kanta takan shanye ruwan kwaɓin kafin ya kama, bayan wata biyu ki ji tayil na rawa, ki ce simintin da ake yi a garin Figil ne ba kyau. Ba laifin siminti ba ne. Ku jiƙa kantar, ku fara aiki da asuba, ku kwaɓa kaɗan-kaɗan. In da siminti da yashi za ku ɗora, ku jiƙa tayil ɗin a bokiti tukuna. In kuwa simintin manne tayil na buhu kuka saya, ba a jiƙawa. Ni shi na fi so, ko da ya fi tsada.

Ki zaɓi manyan tayil, layuka su ragu, datti ya rasa wurin maƙalewa. A ɗan karkata shimfiɗar zuwa wurin wanke-wanke. A bar shi awa 24 kafin a cike tsakani.

Turmi kuma, Hajiya, a sauke shi ƙasa. Ina zargin dakan yaji ne ya tsaga huɗun nan.