Tambaya da Amsa: Shukata mai cin ƙwari na baƙi daga gindi

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi shukar nan mai tulu da ke kama ƙwari, Nepenthes, na ajiye ta a falo. Tulunanta sun bushe, ganyen yana yin rawaya, kara ya fara baƙi daga gindi, ga wani farin abu kamar auduga a hammatar ganye. Ƙasar lambu da taki na sa mata, ruwan bohol nake ba ta. Za ta tashi kuwa? Mai karatu daga Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ciwon yana cikin tukunyar ne. A dazukan tsibiran Borniyo da Sumatara na nahiyar Asiya wannan shuka tana fitowa a ƙasa marar abinci, shi ya sa take farautar ƙwari. Taki yana ƙone saiwarta, gishirin ruwan bohol yana taruwa a tukunya, ƙasar lambu kuma ta riƙe ruwa ta hana saiwa iska har ta ruɓe.

Ki ciro ta yau, ki wanke saiwar da ruwan sama. Kada baƙin saiwa ya tsorata ki, haka take ko da lafiya, siririya kamar gashi. Ruɓaɓɓiya ita ce mai laushi da wari, wadda ke saɓulewa in an ja. Ki matsa karan ma. In yana da tauri, tsufa ne kawai. In ya yi taushi, ruɓa ce ke hawa sama, kuma ba ta da magani sai yanka. Ki goge sabuwar reza da sifirit, ki riƙa yankowa daga ƙasa har ki ga cikin karan fes, babu ɗigon baƙi. Saman da ya rage ki raba shi gunduwa-gunduwa, kowace da gaɓa 2 ko 3, ki rage rabin kowane ganye, ki dasa, ki kifa farar leda mai ƴan huji. Saiwa kan ɗauki wata 1 zuwa 2, wani lokaci fiye, don haka kada ki yi ta cirowa kina dubawa.

Abin dasawa: rabi busasshiyar gansakukar sphagnum, rabi farar tsakuwar perlite. In ba a samu ba, gutsattsarin ɓawon kwakwa ya wadatar, amma sai an jiƙa shi kwana 3 ana sauya ruwa, don yana ɗauke da gishiri. Tukunyar roba mai huji, kuma kada ta zauna cikin faranti mai ruwa. Danshi take so, ba caɓi ba.

Ruwa kuwa, Legas ta hutar da ke. Ki tara na sama a damina, bayan ruwan farko ya wanke kwano. Fiya wata ba madadi ba ne, yawanci akwai ma'adinai a ciki.

Farin abin nan ƙwaro ne mai tsotson ruwan shuka. Ki tsoma auduga a sifirit ki goge su ɗaya bayan ɗaya, ki maimaita duk mako har sau 4, saboda ƙwansu na ƙyanƙyashewa daga baya. Ki nisanta ta da sauran shuke-shuke.

Bushewar tulu sau da yawa laifin duhu ne da na'urar sanyaya ɗaki, wadda ke tsotse danshin iska. Ki mayar da shukar tagar gabas, ta sami rana ta safe awa 3 zuwa 4. Baranda mai inuwa ta fi falo nesa ba kusa ba, sai dai lokacin hunturu, Disamba da Janairu, ki kare ta daga busasshiyar iska. Kada ki ba ta nama ko kifi, ruɓar da tulun suke yi. Tururuwa da ƙuda za ta kama da kanta.

Ki kuma tambayi wanda ya sayar miki irinta. Akwai ta kwari, akwai ta kan duwatsu. Ta kwari tana son zafin Legas. Ta kan duwatsu tana buƙatar dare mai sanyi, wajen digiri 15, kuma a nan sai ta yi ta ramewa ko da kin gyara duk abin da muka ambata.