Tambaya da Amsa: Ɗalibin lauya da haƙƙin samun muhalli

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a tsangayar koyon aikin lauya, kuma an saka ni a cibiyar taimakon shari'a ta jami'armu, inda ɗalibai ke aiki a ƙarƙashin kulawar malamai. An ce za mu taya wata ƙungiya rubuta rahoto zuwa ga Majalisar Ɗinkin Duniya kan mutanen da aka rusa wa gidaje. Shin wannan aiki yana da wani tasiri, ko takarda ce kawai da za ta je ta kwanta a ofis?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Yana da tasiri, amma ya kamata ki san iyakarsa tun yanzu, domin kada ki yi wa mutanen da za ki zauna da su alkawarin abin da ba ya hannunki.

Tushen wannan haƙƙi shi ne sashe na 25 na Sanarwar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948, da sashe na 11 na Yarjejeniyar Haƙƙoƙin Tattalin Arziki, Zamantakewa da Al'adu ta 1966, wadda ta fara aiki a 1976. Kwamitin masana 18 da ke sa ido kan yarjejeniyar ya fayyace a 1991 cewa muhalli mai inganci ya ƙunshi tabbacin zama ba tare da fargabar kora ba, da ruwan sha, da kuɗin haya wanda bai fi ƙarfin mai zama ba, sannan a 1997 ya yi bayani na musamman kan korar mutane da ƙarfin tsiya.

Ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar suna kai wa kwamitin rahoto lokaci zuwa lokaci, kuma kowa ya san gwamnati ba ta cika faɗin laifin kanta ba. Kwamitin ba shi da ma'aikatan da za su zagaya unguwanni, saboda haka yana dogara ƙwarai da rahoton da ƙungiyoyi ke aika masa daban da na gwamnati. A nan ne aikinku yake. Ɗalibin da ya zauna da magidancin da aka yi wa rusau, ya rubuta ranar da aka shafa wa katangarsa jan fenti, da ko an ba shi takardar sanarwa, da kwana nawa aka ba shi, da inda 'ya'yansa suka kwana a daren, ya samar da hujjar da wakilin gwamnati zai sha wuyar musantawa. A ganina, shafi biyar masu irin wannan bayani sun fi shafi hamsin na zage-zage da kalaman tausayi amfani. Haka nan kuna iya aika koke ga wakili na musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin muhalli, muƙamin da aka kafa a 2000, wanda Miloon Kothari na Indiya ya fara riƙewa, kuma mai wannan muƙami yana da ikon rubuta wa gwamnati wasiƙa yana neman bayani.

Sai dai shawarwarin kwamitin ba hukuncin kotu ba ne, kuma ko hukuncin kotun ma yakan yi jinkirin isa ga mai shi. Irene Grootboom, wata mata da ta kai gwamnati ƙara kan haƙƙin samun muhalli, ta yi nasara a Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu a 2000, shari'ar da har yau ake karantarwa a jami'o'i, amma ta rasu a 2008 tana zaune a ɗakin langa-langa.

Saboda haka, kafin ki ɗauki bayanin kowa, ki sanar da shi inda maganarsa za ta je, ki nemi izininsa a rubuce, kuma ki sakaya sunansa idan akwai barazana ga lafiyarsa. Kada ki bar wata takarda ta fita daga cibiyar sai malamin da ke kula da ku ya duba ta.