Tambaya da Amsa: Ta ina zan gane pI daga zanen amino asid?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibar bayokemistiri ce aji biyu, wallahi lissafin pI ya sha min kai, na glaisin ina iya yi amma da an kawo laisin ko asfatik asid masu pKa har uku sai in rasa waɗanne biyu zan ɗauka. Don Allah a taimaka jarabawa ta matso. Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Matsalarku ɗaliban yanzu haddar fomula, to ita fomular haɗa pKa biyu a raba biyu ai ba za ta gaya miki waɗanne biyun ba, zanen ne zai gaya miki.

Shi pI dai shi ne pH ɗin da cajin fositif da na negetif a jikin amino asid (wato tubalin da ake gina furotin da shi) suke yin kunnen doki, jimilla sifili, ko an sa masa lantarki ba inda zai motsa. Abin da za ki yi, ki ɗauka an tsoma shi cikin asid mai ƙarfi sosai, kowane rukuni a zanen na riƙe da furotan (H+) ɗinsa, COOH ba caji, NH3 kuma +1, ki ƙirga jimilla, sannan ki jera pKa (wato pH ɗin da rabin rukunin ke sakin furotan ɗinsa) daga ƙarami zuwa babba kina rage ɗaya daga cajin duk wanda kika wuce. Inda kika faɗo kan sifili, pKa na gabansa da na bayansa su ne naki, ki haɗa su ki raba biyu, sauran ki ƙyale su.

Glaisin: 2.34 da 9.60, pI 5.97, wannan kin iya. Asfatik asid yana da COOH biyu, ya fara da +1, da ya wuce 1.88 ya zama sifili, ya wuce 3.65 ya zama -1, kenan 9.60 ɗin can ba ruwanki da shi, amsa 2.77. Laisin kuwa NH3 biyu gare shi don haka daga +2 yake farawa, 2.18 ya mai da shi +1, sai a 8.95 yake zama sifili, na gaba 10.53, pI 9.74. Histidin ne yake kayar da mutane, shi ma daga +2 yake tashi, 6.00 da 9.17 ake ɗauka a samu 7.59. Littattafai na ɗan saɓawa a lambobin, ki bi na lakcaranku kar ku yi rigima.

Kuma ba wai wahalar da ku ake yi ba fa. Gwajin jinotayif da ake yi kafin aure a kan caji ya dogara, a jinin sikila amino asid ɗin balin ne ya maye gurbin gulutamik asid a matsayi na 6 na sarƙar beta ta himogulobin (furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini), negetif ya ragu pI ya ɗan hau, shi ya sa a ruwan gwaji mai pH wajen 8.6 idan an sa lantarki layin S na sikila yake tafiya a hankali ya bar A na lafiyayyen jini a gaba. Allah ya ba da sa'a.