Amsa ga mai son tayar da injin tsohon babur ɗin mahaifinsa, Honda CG125

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ɗan'uwanmu ya bayyana cewa ya gaji babur ƙirar Honda CG125 daga mahaifinsa, Allah ya jiƙansa da rahama, wanda ya fi shekara 15 a jingine a zaure, har kik ɗinsa ya ƙi motsi, kuma an ba shi shawara ya sauke injin ya ɗora sabo na ƙasar Sin. Yana so ya san ko tsohon zai gyaru, da kuma ta inda ya kamata ya fara. Ni ba bakanike ba ne na sana'a, amma na warware irin wannan inji na sake haɗa shi da hannuna sau biyu, na farkon ya ɗauke ni kusan wata takwas ina yi a ranakun Asabar da Lahadi, don haka zan faɗi abin da na gani.

Malam, shawarata ita ce kada ka sauke injin nan, kuma kada ka sayi ko noti ɗaya kafin ka buɗe shi ka auna abin da ke ciki. Dalilina na farko shi ne asalin ƙirarsa. Kamfanin Honda ya fitar da CG125 a 1975 musamman domin ƙasashe irin namu, bayan injiniyoyinsa sun zagaya wasu ƙasashen Asiya sun ga yadda ake lodin babur fiye da ƙima, ake kuma barin baƙin mai ya koma kamar kwalta ba a canza ba. Baburansu na lokacin suna da kam, wato ƙarfen da ke juyawa yana buɗe bawul, a saman kan inji, wurin da ƙarancin mai ke fara yi wa illa, sai suka mayar da kam ɗin CG ƙasa cikin akwatin inji, inda gwiwarsa guda ɗaya tak ke ɗaga bawul biyu ta hanyar sanduna biyu. Sakamakon haka babu sarƙar tayimin da za ta saki, kuma sassan da ke ci kaɗan ne, ga shi mutum mai haƙuri zai iya fahimtarsu a yini guda. Dalili na biyu kuwa lambar inji ce, wadda ke jikin takardun marigayi; idan ka canza injin, ka raba babur da takardunsa, ka kuma raba shi da rabin darajarsa.

Batun kik da ya ƙi motsi shi ne inda mutane suka fi yin ɓarna, domin sai ka ga ƙato ya hau yana taka shi da ƙarfinsa duka har haƙoran giyar kik su karye ko zoben fistan ya tsage. Mafi yawan lokaci abin da ya faru shi ne danshin damina ya shiga ta bawul ɗin da ya tsaya a buɗe, tsatsa ta manne zobe da bangon silinda. Ka cire fulogi, ka zuba man dizal ta raminsa har ya rufe kan fistan, ka bar shi mako guda ko fiye kana ƙarawa. Daga nan ka sa babur a giyar ƙarshe, ka riƙa tura shi gaba da baya a hankali, ta yadda tayar baya ce za ta riƙa girgiza fistan ɗin. Nawa na farko sai a rana ta goma sha ɗaya ya saki. Ko ya saki ɗin ma kada ka yi kwaɗayin tayar da shi, domin tsatsar da ta karce za ta zama kamar yashi a cikin silinda. Kafin nan kuma ka leƙa cikin salansa da akwatin matatar iska, saboda zanzaro yana son yin gininsa a can, ɓeraye kuma sukan cinye soson matatar da rigar wayoyi.

Ranar da za ka fara warwarewa, ka wanke injin tas ta waje da kananzir, ka shimfiɗa tabarma ko kwali mai tsabta a ɗakin da yara ba sa shiga, ka tanadi gwangwanaye da za ka riƙa zuba notunan kowane sashe daban. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire kowane abu da kuma bayan ka cire shi, don bayan wata uku ba za ka tuna ta wace fuska washa kaza ta shiga ba. Sukurorin murafun inji sukan kafe ƙwarai, kuma sukudireba ta gama-gari tana cinye kansu, saboda haka ka nemi irin wadda ake buga wa guduma tana juyawa.

Yanzu ga inda nake so ka fi ba da hankalinka, wato awo. Faɗin ramin silindar CG125 na asali milimita 56.5 ne, tafiyar fistan kuma milimita 49.5, abin da ya ba da cc 124. Idan ka goge kan tsohon fistan za ka iya ganin an buga masa 0.25 ko 0.50, wanda ke nuna an taɓa faɗaɗa ramin a zamanin marigayi; matakan faɗaɗawar huɗu ne, 0.25 da 0.50 da 0.75 da 1.00. Ka shafa farcenka a bangon silinda: idan farce ya maƙale a wani zane, ko akwai tudu a bakin sama inda zobe ke tsayawa, ko tsatsa ta yi ramuka, to sabon zobe kaɗai ba zai yi magani ba. Ka kuma tura zobe shi kaɗai cikin silinda, ka daidaita shi da gindin fistan, ka auna tazarar da ke tsakanin bakinsa biyu da fila geji, wato waɗannan siraran ƙarafa masu lamba. Idan sabon zobe ya ba da fiye da rabin milimita, ramin ya ci. A nan ƙa'idar da ba na sassautawa a kanta ita ce a fara sayen fistan, sannan a kai shi tare da silinda wurin masu injin ferar ƙarfe su faɗaɗa ramin daidai da wannan fistan ɗin, ba a faɗaɗa rami tukuna a zo ana neman abin da zai shige shi ba. Kuma a tafi mataki na gaba kawai, kada a yarda da mai cewa a tsallaka zuwa 1.00 don ƙarin gudu, domin ƙarfin da za a samu bai taka kara ya karya ba, alhali an cinye wa silindar sauran rayuwarta.

Sandar fistan, wadda makanikai ke kira kwanrod, ka riƙe ta ka ja sama ka danna ƙasa. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, amma idan ka ji ko ƙanƙanin wasa sama da ƙasa, boris ɗin gindinta ya mutu, kuma wannan aiki ne na masu injin matse ƙarfe, ba na guduma a tsakar gida ba, saboda karankshaf ɗin matse shi aka yi kuma sai an daidaita shi bayan an haɗa. Idan babu wasa, giya kuma tana shiga lafiya, ni ban ga dalilin raba akwatin inji biyu ba. Kan inji kuwa ka kwantar da shi, ka zuba kananzir a hanyar shigar mai da ta fitar hayaƙi, ka duba ko yana tsattsafowa ta gefen bawul. In yana yoyo, a goge bawul da mazauninsa da man gurza har sai zobe mai launin toka ya zagaye bakin ba yankewa, sannan a wanke man nan sarai, don ko ɗigonsa ya rage zai ci ƙarfe.

Akwai wani wuri da na yi sakaci da shi a aikina na farko, kuma ya jawo mini asara. Wannan inji ba shi da matatar mai ta takarda. Abin da yake da shi shi ne 'yar raga a bayan babban murfin zubar da mai a gefen hagu, da kuma wani kofi mai juyawa a bakin karankshaf ta gefen dama, wanda ke wurga datti jikin bangonsa. Na wanke ragar na bar kofin, ban san cewa dattin shekaru ya daskare a ciki kamar yumɓu ba. Sabon mai ya jiƙa shi, ya ɓalle ya bi hanyar mai, kuma kafin in yi kilomita 400 na fara jin ƙara a kan inji, sai da na sake buɗewa na canza sassan da ban yi niyya ba. Ka buɗe murfin kofin nan ka kankare shi har ka ga farin ƙarfe, ka duba famfon mai da farantan kulochi tunda kana wurin, ka canza duk robobin da ke hana mai yoyo, domin robar da ta shekara 15 a zafinmu ta riga ta bushe ko da idonka ya nuna maka lafiya take.

Game da kayan gyara, sa'ar da ka yi ita ce injinan baburan Sin masu yawa kwaikwayon CG ne, shi ya sa gaskit da fulogi da sandunan bawul ba sa wuyar samu a manyan kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Sai dai kama da wane ba ta wane. Akwai fistan mai fil (ƙarfen da ke haɗa shi da sandarsa) na milimita 15, akwai mai 13, fistan na CG150 kuma faɗinsa milimita 62 ne, saboda haka ka tafi da tsohon a aljihu a gwada a gabanka. Na taɓa sayen zobe a kwali mai kyan bugu wanda ya fara hayaƙi cikin mako uku, tun daga nan na fi yarda da nauyin abu da tsabtar ƙirarsa fiye da rubutun kwalinsa. Duk wani sashe na asali da awo ya nuna bai ci ba, ka mayar da shi, ya fi sabon da ba ka san asalinsa ba.

Wajen haɗawa, alamar IN da ke kan fistan ta fuskanci kafireta, rubutun zobba ya kalli sama, bakunansu kuma a rarraba su kada su yi layi ɗaya. Ka toshe bakin akwatin inji da tsumma kafin ka sa 'yan makullan fil, waɗanda dole su zama sababbi, don in ɗaya ya faɗa ciki aikin yini ya ƙaru. Ka shafa mai a kowane wuri mai gogayya, ka ɗaure notunan kan inji a gicciye kaɗan-kaɗan, ba ɗaya ya ƙare sannan a koma na gaba ba.

Saiti yana da jeri, kuma kafireta ce ta ƙarshe, duk da cewa ita kowa ke fara taɓawa. Da farko bawul: inji a sanyaye, ka juya magneto har alamar T ta zo daidai da tsagar da ke jikin inji a lokacin da bawul biyun ke rufe, ka saita tazarar kowanne a milimita 0.08. Ɗan ƙaran tak-tak ya fi shiru, domin bawul ɗin da aka matse ba ya zama a mazauninsa ya huce, ƙonewa yake yi. Na biyu wuta. Idan naka na farkon ƙira ne mai batir bolt 6 da kontak, wato 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa su ba fulogi wuta, tazarar kontak in ya buɗe gaba ɗaya ta zama tsakanin milimita 0.3 da 0.4, kuma ya fara buɗewa daidai lokacin da alamar F ta iso. Ana gane wannan da siririyar takarda da aka maƙala a bakinsa, wadda za ta saki a daidai wurin. Idan na baya-bayan nan ne mai CDI, wato akwatin wuta na lantarki da ba shi da kontak, wannan wahalar ta wuce ka. Fulogi NGK D8EA ne, da tazarar milimita 0.6 zuwa 0.7.

Sai kafireta. Idan ta asali ce, ta kamfanin Keihin, kada ka yar da ita. Ka warware ta, ka jiƙa ta, ka hura kowace ƙofa da iska, amma kada ka zura allura ko waya a ramin jet, wato 'yar ƙofar da ke auna fetur, don da zarar ya faɗaɗa babur zai riƙa shan mai har abada. Ka wanke tanki daga tsatsa da tsohon fetur, ka sa 'yar matata a tiyo, ka wanke soson iska ka shafa masa mai ka matse, abin da za ka riƙa maimaitawa akai-akai a lokacin hunturu saboda ƙura. Sukuron da ke daidaita haɗin fetur da iska a silo ka mayar da shi ciki a hankali har ya taɓa, ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi a matsayin mafari, bayan inji ya yi zafi ka riƙa juya shi kaɗan-kaɗan har ka sami inda bugunsa ya fi daidaita, sannan ka sauke silo da ɗaya sukuron, mai tokare totur. Fulogi ne zai ba ka hukunci bayan tafiya: launin ƙasa-ƙasa kamar soyayyar gyaɗa shi ake nema, baƙi mai kunkunniya mai ya yi yawa, fari fat kuwa mai ya yi kaɗan, kuma wannan ne mai haɗari domin yana iya huda fistan. Masu fasa cikin salansa don ƙara suna jawo wannan farin ba tare da sun sani ba.

Baƙin mai kusan lita ɗaya yake ci. Ni 20W-50 nake sawa saboda zafinmu, kuma ina neman mai alamar JASO MA, domin kulochin yana iyo ne a cikin man, wasu mayukan mota kuma suna sa shi santsi. Kilomita 1,000 na farko kada ka murɗe totur har ƙarshe, kada ka ɗauki goyo, kada kuma ka bar shi yana silo a tsaye na dogon lokaci tunda iska ce ke sanyaya shi. Ka zubar da man farko da wuri, ni a kilomita 100 nake yi, in sake a 500, kuma duk sau biyun ina sake auna bawul saboda sabon gaskit yana kwanciya.

Idan fistan ya saki ka buɗe, ka turo mana hoton bangon silinda da lambar da ke kan fistan, ka kuma gaya mana ko sandar tana wasa sama da ƙasa. Da waɗannan uku za mu iya gaya maka ko zobe kaɗai za ka saya ko sai an kai silinda wurin fera. Allah ya ba da sa'a, ya kai haske kabarin mahaifinka.