Mashigi, Maliya da jirgi ɗaya

Tambaya: Malam, ina koyar da tarihi a Damagaram. Na zo darasin hanyar ruwan da Fir'aunonin Masar suka haƙa, na rasa kalmar da zan ba ɗalibai. "Mashigi" ya dace? Kuma mene ne "Maliya" a Bahar Maliya?

Amsa: Allah ya ƙara basira, Malam. Mashigi ya dace, amma da ɗan gyara. Daga "shiga" ya fito, kamar yadda mashaya ta fito daga "sha". Sai dai bai bambanta abin da Allah ya tsaga da abin da mutum ya tona ba: Babul Mandab, ƙofar Bahar Maliya ta kudu da Allah ya tsaga, mashigi ne, na Suwez da mutum ya tona ma mashigi ne. Na fi so ka ce musu "haƙaƙƙen mashigi", don yara su ji gumin da ke cikin aikin. Kada ka ce magudana ko lambatu, waɗannan ruwa suke kwashewa, jirgi ba ya bin su.

Gumin kuwa ba kaɗan ba ne. Fir'auna Neko na biyu ya fara haƙa daga reshen Nilu zuwa Maliya wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa. Herodotus, marubucin tarihi na Girka, ya ce mutum 120,000 suka mutu a aikin, kuma bai kammalu ba sai da Dariyus sarkin Farisa ya zo. Rairayi yakan cike shi, a sake tonewa. Amru ɗan Asi ya buɗe shi zamanin Sayyidina Umar don kai hatsi Hijaz. Na Suwez daban ne, a 1869 aka buɗe shi.

Maliya kuwa daga Larabci take, "malih", wato mai gishiri. Misirawa har Nilu suna kira bahar, to dole a ware mai gishirin.

Tambaya: Baba Malam, in an ce "jirgi ɗaya ya kwaso su", na sama ake nufi?

Amsa: A'a, ɗiyata, na ruwa. Jirgi tun asali na kogi ne, daga baya muka ara wa na ƙasa da na sama. Har gobe ma harajin shigo da kaya sunansa kuɗin fito, daga fito, wato haye kogi a jirgi. Ma'anar maganar, halinsu ɗaya ne, galibi ba halin kirki ba.

Hikimar tana burge ni, domin zaman jirgi yana haɗa hali. Herodotus ya ce Nekon nan ya tura matuƙa Finisiyawa, mutanen gaɓar Lebanon ta yanzu, daga Maliya su kewaye Afirka. Sukan sauka su yi shuka, su jira girbi, su wuce, sai a shekara ta uku suka koma Masar ta Bahar Rum.

Mu ma ba baƙin jirgi ba ne. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8 da 'yan kai, wanda ya kai shekara 8,000.