Bututun gas zai bi ta bayan makarantarmu: mu tare hanya ko mu karɓi diyya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni malamin firamare ne. Kwanakin baya wasu ma'aikata suka zo suka kafa turaka masu jan fenti a gonakin bayan garinmu, suka ce hanyar bututun iskar gas ce. Na auna da ƙafata, daga turke mafi kusa zuwa katangar makarantarmu taku 150 ne. Matasa sun ce a tare hanya, dattawa kuma sun ce aikin gwamnati ne, a karɓi diyya a yi shiru. Akwai haɗari da gaske ko tsoro ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Awon nan da ka yi ya fi duk hayaniyar ƙofar mai gari amfani. Taku 150 bai wuce mita 120 ba. Saura lambobi biyu: faɗin bututun, da ƙarfin matsin iskar da zai ɗauka. Sai da su ake sanin ko makarantarku tana cikin hatsari.

A dokar Amurka akwai lissafin da ake yi da lambobin nan don gano iyakar inda zafin wuta zai yi kisa idan bututu ya fashe ya kama. Na buga maka misali biyu. Bututu mai faɗin inci 12 a matsin psi 500 (psi ma'aunin ƙarfin matsin iska ne), wutarsa takan yi ɓarna zuwa wajen mita 55, ka ga ɗalibanka sun tsira. Mai inci 40 kuwa, irin na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614, in aka ɗora masa psi 1,000, sai lissafin ya kai kusan mita 270. Nan kam har filin ƙwallonku yana ciki.

Fashewar ba kullum take faruwa ba. Bututun da aka binne da kyau, ake kuma duba shi, ya fi tankar da ke ratsa tsakiyar kasuwa aminci nesa ba kusa ba; wanda ya ga abin da tankar mai ta yi a Majiya ta Jigawa a 2024 ba sai an yi masa bayani ba. Amma ranar da babban bututu ya ɓalle, babu wanda ke tsere masa da gudu. A San Bruno ta Kalifoniya, ranar 9 ga Satumba 2010, wani mai inci 30 ya fashe a tsakiyar unguwa saboda mummunar walda da aka yi tun 1956. Mutum 8 suka mutu, gidaje 38 suka ƙone ƙurmus. Abin da ya fi ci mini rai a labarin shi ne an kwashe kusan minti 95 gas na kwarara cikin wutar, domin sai da ma'aikata suka je suka murɗa makullan da ke tsayar da gas ɗin da hannu. A Beljiyam kuma, a 2004, injin masu gini ne ya kankare jikin bututu, bayan 'yan makonni ya tashi da mutum 24. Wannan na biyun shi ya fi kama da halinmu, inda kowa ke haƙa rijiya, masai ko ramin ƙasar bulo ba tare da tambayar kowa ba. Kuma kada ku dogara da hanci: warin da kuke ji a tukunyar gas ta girki zuba shi ake yi, sau da yawa iskar manyan bututai ba ta da shi.

Tare hanya fa? Ba na ba ku shawara. A ƙauyen Rossport na ƙasar Ireland an ɗaure mutum biyar kwana 94 a 2005 kan hana aikin bututun Shell. Ɗaurin ya jawo hankalin duniya, gaskiya ne, amma a gaban hukumar tsara ƙasa aka ci nasara, wadda a 2009 ta ƙi amincewa da kusan rabin hanyar saboda kusancinta da gidaje. Ƙarshenta sai da aka haƙa rami mai kusan kilomita 5 a ƙarƙashin mashigin teku aka bi da shi.

Dattawa ma su dakata da sa hannu. Diyyar da aka saba biya a dokar filaye ta 1978 ta amfanin gona ce da itatuwa da gine-gine, ba ta matsar da bututu ko taku ɗaya.

Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta ba jama'a damar ganin rahoton aikin su yi ƙorafi kafin a amince da shi. Ku nemi kwafinsa a sakatariyar ƙaramar hukuma ko ma'aikatar muhalli ta jiha, ka duba ko an ma ambaci makarantarku a ciki. Daga nan ku rubuta takarda ɗaya, da sa hannun mai gari, hedimasta da shugaban ƙungiyar iyayen yara, zuwa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya da hukumar NMDPRA mai ba da lasisin irin wannan bututu. Ku nemi a karkatar da hanyar. In an ce ba zai yiwu ba, to a ƙara kaurin ƙarfen da zurfin binnewa a daidai gari, a shimfiɗa kankare a kansa, a sa makullai masu rufe kansu gaba da baya. Ka haɗa da hoton turken da katangar a fili ɗaya, da adadin yaran da ke cikin rajistarku, kuma kada ɗan aike ya baro ofis sai an buga wa kwafinku hatimin karɓa.